An hana shi mafaka, yanzu yana so in rubuta masa takardar shaida

Baƙon_Leeds:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni mai nauyi, masu sanin doka ku taimaka, sauran kuma ku yi mini haƙuri da abin da zan faɗa.

Akwai wani yaro da muke haya gida ɗaya a nan Ingila, shekara biyu ke nan. Ɗan Arewa ne, ba zan faɗi jiharsu ba. Tare muke cin tuwo, tare muke zuwa Juma'a. Ran Talata da dare na dawo daga aiki na tarar da shi a kicin, fitila a kashe, ga ambulan a gabansa, shayin da ya haɗa har ya yi sanyi bai taɓa ba. Sai da na yi ta fama kafin ya turo mini takardar. Ashe mafaka ya nema, kuma dalilin da ya bayar shi ne shi mai neman maza ne, an taɓa kama shi a unguwarsu aka yi masa dukan kawo wuƙa, yana tsoron in ya koma ba zai kai labari ba. Ma'aikatar Cikin Gida ta ce ba ta gaskata labarinsa ba. An ba shi kwana 14 ya ɗaukaka ƙara.

Yanzu roƙona yake in rubuta takarda in shaidi abin da na sani game da shi. Tambayata biyu. Da gaske kotu tana hana a tasa ƙeyar mutum saboda wannan dalilin? Sannan ni me zan rubuta, alhali ban san komai ba sai daren Talata? Kwana uku ke nan barci ya gagare ni.

AbuMaryam_Bham:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka zare hannunka tun wuri. In gaskiya ya faɗa, ka san matsayin wannan aiki a addininmu. In ƙarya ce kuwa, to shaidar zur yake so ka yi masa. Ta ina ka fita? Ni na san mutane a garin nan da suka sayi wannan labari a hannun dillalai, suka haddace shi kamar karatun allo, matansu kuwa na gida suna jiran biza.

Mai_Gadin_Zaure:
Kafin a yi nisa: duk wanda ya ɗauki hoton wannan hira ya fitar da ita waje, za mu cire shi. Ba a zagi, ba a tambayar suna ko gari. Rayuwar mutum ake magana.

Lauyan_Baƙi:
Malam Baƙon_Leeds, amsar tambayarka ta farko e ce, kotu tana hanawa, amma ba don kawai mutum ya buɗe baki ya faɗa ba.

Tushen abin Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ce ta Janeba ta 1951. Ta hana a mayar da mutum inda za a zalunce shi saboda launin fata, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na musamman na jama'a. A wannan rukuni na ƙarshe kotuna suka sa irin abokin zamanka. A Birtaniya shari'ar da kowa ke komawa gare ta ita ce ta HJ ɗan Iran da HT ɗan Kamaru, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2010. Kafin nan, abin da ake gaya wa irinsu shi ne su koma gida su ɓoye kansu, ba wanda zai taɓa su. Kotun Ƙoli ta ce wannan ba hujja ba ce. Ta shimfiɗa wa alƙali tambayoyi bi da bi: shin mutumin haka yake, ko kuwa haka za a ɗauke shi a ƙasarsu? Shin waɗanda suka bayyana a can ana zaluntarsu? In ya koma, a fili zai rayu ko a ɓoye? In a ɓoye ne, me ya sa?

Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba su lura da ita. In ya ce zai ɓoye ne don kunyar iyayensa kawai, kada ya ɓata musu suna, to bai cika sharaɗi ba. In tsoron duka ko ɗauri ko kisa na cikin dalilin ɓoyewar, ya cika. Yaranmu da yawa a nan suke faɗuwa, domin an tarbiyyantar da mu da cewa "ina jin kunyar Baba" ya fi sauƙin faɗa a kan "ina tsoron a kashe ni".

Kada ya bari kwana 14 ɗin nan su wuce. A shigar da ƙara yanzu, hujjoji su biyo baya.

Ɗan_Agadas:
To ai tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai kotun Turai ba ta da ta cewa a kanta kuma, ko ba haka ba?

Lauyan_Baƙi:
Kotuna biyu ne ake haɗa su, ɗan'uwa. Wadda ke Lukzambur ta Tarayyar Turai ce, ita Birtaniya ta bari. Wadda ke Strasbourg a Faransa kuwa ta kare haƙƙin ɗan Adam ce, Birtaniya na cikinta har gobe. Sashe na 3 na yarjejeniyarta ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma ba shi da togaciya. Ko mutum ya yi laifi an ɗaure shi shekara ɗaya ko fiye, wanda a dokar 2007 korarsa ta zama tilas, ba a mayar da shi inda za a azabtar da shi.

Hajiya_Mai_Masa:
Ni dai ba lauya ba ce, uwa ce. Ɗana Baƙon_Leeds, tambaya ɗaya zan yi maka: yaron nan yana cin abinci kuwa? Ka ce ka same shi cikin duhu. Kafin maganar takarda, ka sa masa ido, kada ka bar shi shi kaɗai da dare. Wanda aka gaya wa za a mayar da shi inda aka dake shi, zuciyarsa na iya raya masa komai. Ka kai shi wajen likita in ka ga ya daina magana.

Tafinta_77:
Bari in sa baki, don wannan ɗakin da ake tambayoyin na sha zama a cikinsa. Aikina ke nan, tafinta tsakanin Hausa da Turanci.

Ku yi tunanin yadda abin yake. Ɗaki ne ƙarami, tebur, kwamfuta, jami'i na buga abin da ake faɗa, ga ni a gefe, Bahaushe ɗan'uwansa, mai yiwuwa sa'an babansa. Mutumin da bai taɓa furta wannan magana ko ga kansa ba, yau aka ce ya zayyana ta a gabana. Da wace kalma ma zai faɗe ta? "Ɗan luwaɗi" zagi ne, ba wanda zai kira kansa haka cikin daɗin rai. "Ɗan daudu" wani abu ne daban, magana ce ta ɗabi'a da sana'a da yanayin mu'amala, ba lallai ta kwanciya ba, amma na ga inda aka fassara su abu ɗaya aka rikita labarin mutum gaba ɗaya. Akwai wanda na yi wa tafinta a kotu, a hirarsa ta farko ya ce "ni ɗan harka ne", wanda ya fassara masa a wancan lokaci ya ce ɗan kasuwa ne. Aka rubuta haka. Bayan wata da watanni aka ce ai bai ambaci komai ba a hirar farko, don haka daga baya ya ƙirƙiro. Ranar da aka karanto masa wannan layin, ya daɗe yana murza hularsa a hannu bai ce uffan ba.

Saboda haka Malam, ka ce wa yaron ya zauna da lauyansa su bi rubutaccen bayanin hirar layi-layi, su haɗa da sautin da aka naɗa. Sau da yawa abin da aka kira "saɓani a labarinsa" daga bakin tafinta ya fito ko daga kunya. Kuma yana da damar cewa bai saki jiki da tafintan da aka ba shi ba.

AbuMaryam_Bham:
Malam Tafinta, ban musa maka ba, amma kai ma ka san masu ƙarya suna nan. Ko za ka rantse duk wanda ka fassara wa gaskiya ya faɗa?

Tafinta_77:
Ba zan rantse ba, suna nan. Kuma su ne suka jawo wa masu gaskiya wahala, don jami'in da ya ji labari iri ɗaya sau goma zai shiga na goma sha ɗaya da zargi. Amma tantancewa aikin alƙali ne, don haka aka ajiye shi. Ni abin da na gani da idona, mai labarin saye ya fi santsin baki. Wanda abin ya faru da shi da gaske shi ne ke in-ina, yana manta kwanan wata, yana tsallake wurin da ya fi ciwo.

'Yar_Zangon_Kumasi:
Nan Jamus nake. A wajenmu lokacin ma ya fi ƙuntata. Mako biyu ne a ƙa'ida, amma in suka rubuta cewa buƙatarka ba ta da tushe ƙarara, mako ɗaya kacal gare ka. Gana da Senegal kuma suna cikin jerin ƙasashen da Jamus ta ce lafiya lau suke, don haka ɗan Gana tun daga ƙofa da zargi yake shiga, shi zai kawo hujjar cewa nasa daban ne.

Wani abin da na so in ƙara a kan maganar kotun Lukzambur, tunda mu tana aiki a kanmu. A 2013 ta yi hukunci a kan mutum uku, ɗan Saliyo da ɗan Yuganda da ɗan Senegal, ta ce kasancewar doka a rubuce kawai ba ta isa zalunci ba, sai in ana ɗaure mutane da ita a aikace. A 2014 ta hana a riƙa yi wa mutum tambayoyin tsiraici ko karɓar bidiyo a matsayin hujja, ta kuma ce jinkirin faɗa shi kaɗai ba ya nuna ƙarya. Ta 2018 kuwa ɗan Najeriya ne ma, a Hangari. Likitan ƙwaƙwalwa aka kai shi, aka sa shi zanen mutum a cikin ruwan sama, aka nuna masa ɗigon tawada a takarda ya faɗi abin da ya gani, daga nan aka ce ba a tabbatar da maganarsa ba. Kotu ta ce ba a gane wannan al'amari da irin wannan gwaji.

Kanawa_Dabo:
Ni daga gida nake rubutu. Gaskiya ana ƙara wa miya gishiri. Wa aka taɓa jefewa a Najeriya saboda wannan? Ku kawo mini suna ɗaya. Ana ɓata mana ƙasa ne kawai a idon Turawa don neman takarda.

Malama_Zariya:
Yaya Kanawa_Dabo, ni ma a gida nake, kuma ina ganin tambayar ba ta tsaya a jifa ba. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga mai shiga ƙungiyarsu ko mai taimaka musu. Jihohi 12 na Arewa suna da dokokin shari'a da suka kai har hukuncin kisa. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta jihar Bauchi ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa. Ko ba a zartar ba, ka yi tunanin zaman jiran.

Amma ni abin da ya fi tsorata ni ba kotu ba ce, 'yan unguwa ne. Kai ma ka sani, a garuruwanmu ihu ɗaya ya isa. Kafin a ce a tsaya a bincika, an gama. A unguwarmu na ga yadda aka fito da wani saurayi daga shago a kan zargi kawai, aka yaga masa riga, yara na binsa da duwatsu, mahaifiyarsa na tsaye a ƙofar gida ta kasa ko ɗaga murya. Har yau ba wanda ya tabbatar da abin da aka ce ya yi. Ina cikin masu ganin aikin haramun ne, ban ɓoye ba. Amma wannan da na gani ba shari'a ba ce, ba alƙali, ba shaidu.

Lauyan_Baƙi:
Abin da Malama ta faɗa shi ne ainihin abin da kotun Strasbourg ta duba a Nuwamban 2020, a ƙarar wani ɗan Gambiya da Suwizalan ke son mayarwa. Hukumomin can sun ce ai ba a aiki da dokar a Gambiya yanzu. Kotu ta ce wannan bai wadatar ba, ba ku bincika ba ko gwamnati za ta kare shi in jama'ar gari ko dangi suka far masa. Wato haɗarin ba sai daga hukuma ya fito ba. Tambayar ita ce, in ya ruga wajen 'yan sanda, ceto zai samu ko kamu?

Ɗan_Agadas:
To ba sai a ce ya koma Legas ko Abuja ba, inda ba wanda ya san shi?

Lauyan_Baƙi:
Ana kawo wannan hujja sosai, kuma dole lauyansa ya shirya mata. Amsar da ake bayarwa ita ce dokar 2014 ta tarayya ce, tana aiki a Legas kamar yadda take aiki a Sakkwato. Sannan Bahaushe in ya sauka Legas ina yake nufa? Agege, Idi-Araba, Mile 12, wajen 'yan garinsu. Kwana nawa labari zai yi bai iso ba? In kuma aka ce ya zauna can ya ɓoye don tsoro, an dawo kan abin da Kotun Ƙoli ta hana a 2010.

Wani gyara ga masu ganin abin da sauƙi: tun 28 ga Yunin 2022 doka ta tsananta. Yanzu sai mutum ya nuna cewa maganarsa game da kansa ta fi kusa da gaskiya a kan ƙarya, kafin a zo batun haɗari. Kuma Najeriya na cikin jerin ƙasashen da ake ɗauka lafiya ga maza, wanda kan sa a hana wasu damar ɗaukaka ƙara. Tunda shi an ba shi kwana 14, ba a rufe masa wannan ƙofa ba, kada ya yi wasa da ita.

Gwaggon_Yara:
Akwai wata 'yar Najeriya, Aderonke Apata, labarinta ya fito a jaridu sosai. An ce mata ba za ta zama 'yar maɗigo ba tunda ta taɓa aure har da 'ya'ya. Shekara 13 tana fama kafin a ba ta mafaka a 2017. Na kawo ta ne don maganar AbuMaryam ta masu mata a gida. Wasu maƙaryata ne, na yarda. Amma a wajenmu wa ake tambaya kafin a yi masa aure? Aure ba ya tabbatar da komai, ko ta nan ko ta can.

Sabon_Zuwa22:
Don Allah ni tambayata daban ce. Wani ya ce zai haɗa ni da mai rubuta irin wannan labari, fam dubu biyu, wai ya fi saurin fitowa a kan bizar aiki. Akwai wanda ya san ko gaskiya ne?

Hajiya_Mai_Masa:
Ɗana ka ji tsoron Allah. Ka karanta abin da ake faɗa tun daga sama kuwa?

Lauyan_Baƙi:
Kada ka kuskura. Ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a Birtaniya, yaudarar hukuma don samun izinin zama ma laifi ne, kai za a kama, dillalin ya canza lambar waya. Kuma wannan tambarin in ya hau kanka ba ya sauka, har gida zai bi ka. Mai neman mafaka na gaskiya da ba shi da hali yana iya samun lauya a kuɗin gwamnati, ba ya buƙatar ɗan tsakiya.

Almajirin_Malam:
Mu dawo kan tambayar mai tambaya, don an yi nisa. Ɗan'uwa AbuMaryam ya ce ko ta ina ba mafita, ni ban ga haka ba. Ba a ce Baƙon_Leeds ya halatta komai ba, kuma alƙalin Ingila ba fatawa zai bayar ba. An ce ya faɗi abin da ya gani. Shaidar zur babban zunubi ce, haka ma ɓoye shaida an hana shi a ƙarshen Suratul Baƙara. A Suratut Tauba kuma an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ko mushiriki ne ya nemi mafakarsa ya ba shi, sannan ya isar da shi inda zai aminta. Wannan kuwa musulmi ne da kuke sahu ɗaya ran Juma'a. Tsakaninsa da Ubangijinsa akwai ƙofar tuba, amma sai yana da rai zai shige ta.

AbuMaryam_Bham:
Malam, ayar mafaka na ji ta. Amma akwai kuma hanin taimakekeniya a kan saɓo. In ya samu takardar ya ci gaba da abin da yake yi, wanda ya sa hannu fa? Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ban ce a dake shi ba, ban ce a kashe shi ba, Allah ya sani. Na dai ce ni ba zan rubuta ba.

Malama_Zariya:
In aka mayar da shi aka yi masa abin da na gani a unguwarmu, wanda ya ƙi faɗin gaskiyar da ya sani fa, shi ba a tambayarsa?

Tafinta_77:
Malam Baƙon_Leeds, a kan me za ka rubuta: abin da ka sani kaɗai, ko da layi biyar ne. Tun yaushe kuke tare, wane irin mutum ne a zama, ranar da ya gaya maka, halin da ka same shi. In ka taɓa ganin tabo a jikinsa, ko ka lura ba ya kiran gida, ko yana firgita cikin barci, ka faɗa. In ba ka gani ba, kada ka ƙara ko kalma. Kada ka rubuta "na tabbata haka yake", ba ka da wannan sanin. Ka rubuta "ya gaya mini". Kuma ka sani takardar da mai ita bai zo kotu ba ba ta da nauyi sosai, don haka za a iya neman ka tsaya gaban alƙali lauyan gwamnati ya yi maka tambayoyi. A irin waɗannan ƙararraki akan sakaya sunan mai ƙara, haruffa kawai ake sawa, kamar yadda ka ga HJ da HT.

Baƙon_Leeds:
Na gode muku duka, har da Malam AbuMaryam, don abin da ya faɗa shi ne abin da ke cina tun ran Talata. Hajiya, jiya na dafa shinkafa na sa shi a gaba sai da ya ci. Lauyansa ya shigar da ƙarar da safiyar yau, saura kwana tara a lokacin.

Tabon kuwa na taɓa gani. Yana da wani dogo a bayan kafaɗarsa ta hagu, na tambaye shi bara ya ce faɗuwa ya yi a babur. Daren jiya ya ce ba babur ba ne.

Ban rubuta komai ba tukuna. Malam Tafinta, in aka kira ni kotun, da Hausa zan iya magana ko dole sai da Turanci? Kuma wanda zai fassara mini, zai iya kasancewa wani da muke haɗuwa a masallaci?